Allura Ta Tono Garma: Abin da Gyaran Gidanmu na Gado a Gusau Ya Ci

Littafin yana nan cikin durowa, irin mai jan bango da 'yan makaranta ke rubuta darasi. A shafin farko na rubuta naira miliyan 8 da rabi, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Cikin Disamba ne na 2022, muna zaune a zauren gidanmu, ni da ƙanena da ya zo daga Kano da tsohon maginin da ya yi wa mahaifinmu aiki tun muna yara. Baba magini muke kiransa. Shi ya yi lissafin da baki, ni ina rubutawa. Da muka gama na tambaye shi ko akwai abin da muka manta, sai ya kalli rufin zauren ya ce, "Malam, tsohon gida sai an buɗe cikinai aka sanin ciwonai." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. Kafin mu koma gidan sai da littafin ya cika na sayi na biyu.

Gidan yana cikin gari, ba nisa da Kanwuri, a wani lungu da ko Keke Napep sai direba ya yi dabara yake shiga. Kakanmu ya fara gina shi da ƙasa: zaure, shigifa a bayansa, da soro biyu masu rufin azara. Daga baya, wajen shekarun 1980, mahaifinmu ya ƙara ɗakuna uku na bulo da kwano. Haka muka taso muka gan shi, kowace shekara a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a ci gaba da zama. Bayan rasuwar mahaifinmu yaɓen ya fara tsallake shekara. A daminar 2022, wadda ruwanta ya yi yawa, azara ɗaya ta karye a soron Inna da asuba, ƙasa ta zubo kan gadonta. Tana tsakar gida tana alwala. Ranar na ce a'a, an zo wurin.

Ina da fili a Damba wanda na saya tun da jimawa. Duk wanda na yi shawara da shi cewa yake yi in je can in yi sabon gini in huta, fili ne fetal, tifa za ta juye yashi a bakin aikin. Ni ma hankalina ya fi kwanciya da hakan. Da na kai wa Inna maganar ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce, "Nan anka kawo ni amarya, nan za a hidda gawata. Kai dai tafi dajinka." Damba ce daji a wurinta. Maƙwabtan da take gaisawa da su ta kan katanga shekara arba'in da wani abu, da makarantar Islamiyyar da take zuwa da ƙafa, da gidajen suna da biki da ta'aziyya, duk suna cikin lungunan nan. Maganar ta ƙare a nan. Filin Damba kuwa shi na fara sayarwa don in yi aikin.

Kuɗin farko da ya fita ba na siminti ba ne. Gidan gado ne, ba a raba ba. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, sai Inna. Biyu daga cikin matan ba ɗakinmu ɗaya da su ba, kuma tun da suka ji za a taɓa gidan mazajensu suka fara aiko da gaisuwa mai ma'ana. Gaskiyarsu ce. Kawunmu ya kira malami da dillalai biyu, aka yi wa gidan kuɗi naira miliyan 8. Inna ta ɗauki tumuninta, miliyan 1. Sauran miliyan 7 aka kasa bakwai, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. 'Yan'uwan nan biyu suka ce a ba su nasu, aka ba kowacce miliyan 1, aka rubuta takarda shaidu suka sa hannu. Yayata da muke ciki ɗaya ta bar nata a gidan, da sharaɗin ranar da ta zo ganin gida akwai ɗakin da za ta sauke kayanta. Da farko na so a ɗaga wannan maganar har a gama gini. Kawu ya ce kul, in ka zuba miliyan goma a gidan da ba naka kaɗai ba, gobe da sabon farashi za a raba, kuma zumunci ne zai biya. Har yanzu ina yi masa addu'a a kan wannan.

Takardu ba su ba ni wahala sosai ba. Wani yaro da ya karanta zanen gini a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaura Namoda ya zana mini yadda nake so, na kai hukumar da ke kula da tsarin gari, aka zo aka duba, na biya abin da aka ce. Abin da muka tsara shi ne a rushe soro biyun, a bar bangon waje na ɗakunan bulo, a cire rufi da silin da daɓe da waya da duk bangon ciki, a fitar da sashen Inna mai ɗaki da falo da banɗaki, nawa mai ɗaki biyu da falo, ɗakin baƙi da kicin. Zaure da shigifa kuma daga ƙarshe a rushe su a yi shago mai kallon lungu, haya tana shigowa.

Sai wurin zama. Na ɗauka wata shida ya isa, amma a lokacin ban sami mai gidan da ke ba da hayar wata shida a Gusau ba. Mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka sun cika gari, mai hali ya kama haya, marar hali ya raɓa gidan dangi ko kangon da ba a gama ba. Ɗaki biyu da falo na samu a Tudun Wada kan naira 350,000 a shekara. Na biya ina gunaguni cewa rabin kuɗin asara ne. Ashe har shekara ta biyu zan biya, kuma da ƙari, naira 500,000.

Mun fara rusau cikin Janairun 2023, daidai lokacin da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Wanda bai yi aikin leburori a watannin nan ba ba zai gane ba. Lebura ya wuni yana sara da diga, da la'asar yana son kuɗinsa a hannu ya sayi garin masara ya kai gida. Ba shi da asusun banki, wani ko waya ba shi da ita. Ni kuma ga kuɗin fili kwance a asusu, amma dubu ashirin ta gagare ni. Sai in bi layin banki tun bayan sallar asuba, ko in je wurin mai POS in sayi kuɗina da kuɗina. Daga baya muka yi dabara da wani mai shago a bakin lungu: in tura masa ta waya, leburori su karɓi shinkafa da taliya da mai, saura ya ba su tsaba in ya samu. Jiharmu ta Zamfara ma tana cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin, ita da Kaduna da Kogi, kuma sai a farkon Maris kotun ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Kafin nan aikin sati biyu ya ci mini sati shida.

Rushewa kuɗi ce, kwashewa ma kuɗi ce, kuma a lissafin zaure ko layi ɗaya ba mu ba su ba. Bangon soro kaurinsa a gindi ya kusa kamu biyu. In ya faɗi, ƙasar da ke fitowa sai ka rantse ta fi ɗakin yawa. Tifa ba ta shiga lungunmu, don haka komai da baro ake turawa zuwa bakin titi, taki saba'in da wani abu, a tara, sannan a loda da shebur. Abin da ya shigo ma haka: yashi, tsakuwa, bulo, kowanne sai an sauke a titi an sake biyan wasu su shigo da shi. Wani lokaci masu jakai na kira, su zuba yashi a mangala su shigo da shi har tsakar gida, kuma sun fi masu baro sauƙi. Ɗan sassaucin da na samu shi ne ƙasar tsohon gini tana da masoya, masu cikon fili suka kwashe tifa huɗu kyauta. Duk da haka rusau da kwasa sun lashe wajen naira 700,000. Tsohon kwano da ƙofofin ƙarfe na sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin bai kai na abincin ma'aikata na sati biyu ba. Azarar da ba ta ruɓe ba kuwa Baba magini ya hana a sayar, ya jingine ta a shigifa, ya ce giginya irin wannan yanzu sai an tona.

Ranar da aka cire rufin ɗakunan bulo ita ce ranar da lissafina ya mutu. Ina wurin aiki aka kira ni. Na iske Baba magini tsaye da guduma a gindin bangon da muka ce za a bari. Ya bugi filasta ta zube, ya sa ɗan yatsa tsakanin bulo da bulo ya kwakulo abin da ke ciki ya zuba mini a tafin hannu. Jar ƙasa ce. Da laka aka jera bulon, aka shafe fuskar da siminti. Babu linta a kan taga ko ɗaya, katako ne aka gitta, gara ta cinye shi saura ɓawo. Ya sa aka tona gindin bangon, ba a kai tsawon hannu ba aka ga ƙarshensa. Ya ce, "Malam, wanga bango ba shi da gindi. Kwano ne da ikon Allah ke riƙe da shi. In kana so in ɗora maka sabon rufi bisa, sai ka nemi wani, ba da hannuna ba." Ban zargi mahaifinmu ba, abin da aljihunsa ya iya ke nan a lokacin, kuma ginin ya rufa mana asiri shekara arba'in. Amma gyara ya tashi daga gyara ya koma sabon gini a cikin tsohon lungu, wanda ya fi kowane irin gini tsada.

Da aka zo haƙar tushe kuma sai ƙasa ta fara ba da labarin gidan. A daidai inda aka zana kicin, digar wani yaro ta burma, ƙafarsa ta bi har gwiwa. Tsohon masai ne da aka rufe da itace da ƙasa tun kafin a haife ni. Aka matsa gaba kaɗan aka sami na biyu. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Awo, akwai na ukku wajen gindin dalbejiya." A gidajen cikin gari haka ake yi, in masai ya cika a rufe a haƙa wani a gefe, shekara da shekaru. Ba a ɗora bango a kan irin wannan rami. Sai da aka yashe, aka cika da dutse da jar ƙasa ana zuba ruwa ana daɓewa, sannan aka ɗaure rodi mai milimita 16 aka zuba bim ya tsallake ramin. Kicin ɗin ma Inna ta ce ko da zinari aka cika wurin ba za ta dafa abinci a kansa ba, dole aka juya zanen, banɗaki ya koma can. Tushe da ciko da kankaren daɓen ƙasa, wanda magina ke kira jamani, sun tashi naira miliyan 2 da dubu 300.

Sai katangar gabas. Shekara da shekaru mun san ta a matsayin tamu, ashe maƙwabcinmu Alhaji ya ɗora katakon rufin ɗakin amaryarsa a kanta. In mun rushe, ɗakinsa ya tafi. Ya ce mahaifinmu ne ya ba shi izini, kuma ban musa ba, halin tsohon ne. Ƙanena ya hau sama, wai a kai maganar kotu. Mai unguwa ya zaunar da mu a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i, ya saurari kowa, ya ce, "Ku ɗiyan marigayi ne, shi kuma shi ya wanke ubanku. Ku duba." Ƙanena bai sake cewa uffan ba. Muka bar masa tsohuwar katangar, muka ja sabon bango ta ciki. Falon Inna ya rasa inci tara a faɗi, kuma da jijjigar aiki ta tsaga masa bango ni na sayi buhu shida aka gyara. Har gobe shi ke ba ta labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, ta kan wannan katangar.

Bulo kam na koyi darasinsa. Kashin farko na saya ne a wani gidan bulo saboda arha. Baba magini ya ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya sake shi, ya watse kamar dunƙulen gari. Ya ce buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya wuce bulo talatin zuwa talatin da biyar na inci tara ba, masu neman riba kuwa suna fitar da hamsin har da ɗoriya, kuma ba sa ba shi ruwa yadda ya kamata. Tunda babu filin da za mu buga namu a gida, sai na yi jinga da wani mai injin bulo: ni ke kawo siminti, in tsaya a kwaɓa a gabana, a yi masa ban ruwa kwana bakwai kafin a ɗauko. Ya fi tsada, amma ƙusa ba ta shiga bangon nan sai da haƙuri. Ruwan ma saye ne. Famfo ba ya zuwa lungunmu, rijiyar gida kuma ta ja baya da bazara, sai 'yan ga-ruwa da kurarsu. Akwai ranar zuba linta da na sayi kura goma sha ɗaya.

Azumin 2023 ya kama mu a tsakiyar ginin bango, ga zafin Afrilu. Ma'aikata su zo bayan asuba, kafin sha ɗaya kowa ya jiƙa rigarsa ya kwanta a zaure. A nan na gane bambancin jinga da kuɗin yini. In ka biya birkila kuɗin yini, bulo sittin sai ya wuni yana shafa shi kamar mai lallen amarya. In ka ba shi jinga, kan kowane bulo, sai ya jera ɗari da hamsin bango yana karkata kamar maye. Abin da ya yi mini aiki shi ne jinga, amma Baba magini na tsaye da igiya da ma'auni, duk layin da ya kauce a sauke shi a kan mai jerawa. Kuɗin tsayuwar tsohon nan shi ne kuɗin da ban taɓa jin zafin fitar da shi ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500. A watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Mai tifar da ke kawo mini yashi daga gulbi ya ƙara kuɗi a satin. Na ce masa, "Haba Alhaji, motarka gas take sha ba fetur ba." Ya yi dariya ya ce, "Ita gas taka sha, ni da yarana tuwo muka ci." Ban sami amsa ba. Daga nan komai ya bi: mai a-kori-kura, mai walda da ke aiki da janareto, kafinta, har mai kawo wa ma'aikata fura.

Siminti shi kowa ke tambaya, to ga yadda ya kasance. Gaba ɗaya buhu 430 da 'yan kai aikin ya ci, har da na bulo. Akasari na Sakkwato ne, daga masana'antar Kalambaina, shi ya fi kusa da mu. Na farko na saye shi naira 4,300. Da na ga alamar tashi sai na yi wayo na sayi buhu ɗari na jibge a shigifa gab da damina. Wayon ya ci ni. Siminti ba ya son ajiya, danshi kaɗai ya ishe shi, kuma kuɗin aikin ya yanke mini wata biyu. Da aka koma, buhu goma sha ɗaya na ƙasa sun zama dutse, wasu shida kuma sun yi ƙafa sun fita ta zaure, abin da ya sa na ɗauki mai gadi. Abin da ya kamata in tara tun farko shi ne kayan da ba sa lalacewa kuma dala ke jan su: rodi, kwano, wayar wuta, tayil, kayan banɗaki. Rodi mai milimita 12 da na fara saye, kafin a zo ɗaurin sokawe kuɗinsa ya ninka. Bulo da jera shi da ginshiƙai da linta sun ci miliyan 3 da dubu 400.

Rufi na so in yi kafin ruwa ya yi ƙarfi, ban samu ba, ginin ya sha daminar 2023 a buɗe, ciyawa har ta fito a falona. Sai bayan kaka aka ɗora. Katako na bi da kaina kasuwar 'yan katako na zaɓa, don in ka aika za a haɗo maka da ɗanye wanda zai murɗe in ya bushe. Aka shafe shi da maganin gara haɗe da baƙin mai. Kwanon kuma akwai wanda in ka danna da yatsa yake lotsawa, bandir ɗinsa mai guda ashirin yana da arha, amma iskar farkon damina ta Gusau ba ta san arha ba. Na sayi mai kauri. Rufin ya tashi miliyan 3 da dubu 100, kuma a nan motata ta tafi. Ƙanena ya turo abin da ya iya daga Kano, na ci bashin ƙungiyar ma'aikata a wurin aiki, maiɗakina ta kwashi adashinta ta miƙo mini ba tare da na tambaya ba. Gonar mahaifinmu da ke ƙauye, wadda a da ita za a fara sayarwa, ko tayi ba a yi mata ba, shekara uku ke nan ba mai iya zuwa nomanta.

Wayarin da aikin famfo ba ni da dogon labari a kansu, ban da cewa mai wayarin na farko ya kawo waya wadda jan ƙarfen cikinta bai kai kaurin zare uku ba, na sallame shi. Da bututu da tanki da injin jan ruwa da aka sa a tsohuwar rijiya bayan an ƙara mata zurfi, da sokawe, miliyan 2 da dubu 200. Ƙofofi da tagogin ƙarfe wurin mai walda, miliyan 1 da dubu 600.

Filasta ce ta faɗo a mafi munin lokaci, Fabrairun 2024. Dala ta haura naira 1,500, siminti ya yi tashin gwauron zabo, yau farashi daban gobe daban, wasu dillalai ma suka rufe shago suka ce babu. Akwai ranar da na sayi buhu a kan naira 10,500, na tsaya ina kallon yaro yana kwaɓa shi kamar in ce ya rage hannu. A watan ne gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka ce an daidaita a kan naira 7,000 zuwa 8,000, kuma daga baya ya ɗan sauko. Amma mai gidan haya ya riga ya karɓi kuɗin shekara ta biyu, masu filasta kuma suna da wani aikin da ke jiransu, ban iya jira ba. Na rage buri. Silin na POP da maiɗakina ta gani a gidan ƙawarta ya koma na roba. Tayil mai tsada falon Inna kaɗai aka sa wa, shi ma da ta taka ta ce santsi gare shi, sai da aka shimfiɗa leda a kan hanyar banɗaki. Filasta da tayil da silin da fenti na ciki, miliyan 3 da dubu 900.

Akwai kuma shafukan da ke bayan littafin, inda nake rubuta abin da ba shi da suna: ruwa, abincin ma'aikata, mai gadi, ƙusa, igiya, baro biyu da suka karye, kuɗin mai POS, takardu, kuɗin ɗinkin ƙafar yaron da ya taka ƙusa. Dubu biyu, dubu biyar. Da na tara su wani dare sai da na sake tarawa, sun haura naira 900,000. Jimilla, daga kuɗin 'yan'uwa zuwa haya zuwa kwan fitila na ƙarshe, abin ya tsaya gab da naira miliyan 21. In an cire gado da haya, ginin kansa miliyan 18 ne da 'yan kai. Wani abokina da ya fara nasa a fili a bayan gari kusan lokaci ɗaya da ni, mai girman nawa, ya tare kafin ni da wata biyar, kuma da muka kwatanta littattafanmu bambancin ya fi yawa a rusau, ciko, dakon kaya cikin lungu da haya. Tashin farashi ya dake mu tare. Sauran kuwa tsohon gida ne ya karɓi nasa.

Mun koma a watan Mayun 2024, wata goma sha bakwai bayan fitarmu, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah. Bangon waje har yau ba fenti. Ɗakin baƙi babu tayil, siminti ne, kuma yayata ta riga ta zo ta gani ta yi shiru irin nata. Maganar shago kuwa ba a ko tayar da ita ba, kuɗin rushe zaure da shigifa babu su. Baba magini ya sa aka canza azara biyu daga cikin waɗanda ya ɓoye, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa aka yi musu yaɓe, aka gyara indararo. Duka-duka naira 45,000.

Daren farko Inna ta shiga sabon ɗakinta ta yi addu'a, ta shafa bango, ta sa mana albarka har muryarta ta rawa. Washegari da azahar na dawo na leƙa ban same ta ba. Ba wuta, fanka tsaye, ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda, kwano a sama bulo a gefe. Na same ta a shigifa, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ga butarta ga rediyonta, ta jawo randar da na ce a jefar ta kafa a lungu. Na ce mata ina nan ina haɗa kuɗin sola, fanka za ta riƙa juyawa dare da rana. Ta ce, "To, Allah shi hore." Ta gyara filo ta juya. An sa solar tun bara, fanka tana juyawa, amma daga sha biyun rana zuwa la'asar duk mai neman Inna ya san inda zai same ta.